Tsohuwar Manhaja a Cikin Sabuwar Kwamfuta: Ceto Takardun Kasuwar Libiya

Kasuwar Libiya, wadda take yammacin birnin Omdurman a yankin Umbadda, tana cikin manyan kasuwannin sari na ƙasar Sudan, kuma ta samo sunanta ne daga hajar da manyan motoci suke ratso hamada da ita daga Libiya ta hanyar Kufra, kafin daga baya kayan Dubai da na Sin su cika rumfunanta. Kafin yaƙin 2023, daga nan ake lodin yadi da tufafi da takalma da kayan lantarki zuwa Kordofan da Darfur har iyakar Chadi, kuma cikin masu hada-hada a cikinta akwai Hausawan Sudan, jikokin mahajjatan da suka yada zango a kan hanyar Makka da na mutanen da suka yi hijira zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, waɗanda wasunsu suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Ciniki irin wannan, wanda bashi da amana suke da babban rabo a cikinsa, takarda ce take riƙe da shi: yarjejeniyar hayar rumfa, takardar wakilci, jerin masu bashi, wasiƙar neman lasisi da takardar rabon gado. Tun daga shekarun 1990 da yawa daga cikin waɗannan takardu a kwamfuta ake buga su, ko dai a ofishin lauya ko a ƙananan shagunan buga rubutu da ɗaukar kwafi, waɗanda suka gaji wani ɓangare na aikin marubutan ƙorafi da suke zama a ƙofar kotu.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ya mayar da kasuwar fagen daga, aka wawashe shaguna, kuma ta daɗe a hannun RSF har zuwa ƙarshen watan Maris na 2025, lokacin da sojoji suka sanar da cewa sun karɓe ta. Asarar rubuce-rubuce a wannan yaƙi ta wuce ta 'yan kasuwa, domin tun a makonnin farko aka ƙone ɗakin karatu na Cibiyar Muhammad Umar Bashir da ke Jami'ar Ahliyya ta Omdurman. Wanda takardunsa suka ƙone ko suka salwanta, abin da yake iya saura masa shi ne faifan ajiyar wata tsohuwar kwamfuta da ɓarayi suka raina, ko faifan sidi, ko filashin da aka gudu da shi a aljihu zuwa Port Sudan ko Alƙahira. A nan ne wata matsala take bayyana wadda ba kowa ya san da ita ba, wato fayil yana nan lafiya, amma sabuwar kwamfuta ta ƙi buɗe shi, ko kuma ta buɗe shi ta nuna wasu alamomi da ba mai iya karantawa.

Akwai dalilin da ya sa tsofaffin manhajoji suka yi tsawon rai a Sudan fiye da wurare da yawa. A watan Nuwamba na 1997 gwamnatin Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar takunkumin ciniki, wanda ya hana kamfanonin Amurka sayar mata da kaya, har da manhajojin kwamfuta, kuma ba a sassauta ɓangaren na'urorin sadarwa na ɗaiɗaikun mutane ba sai a 2015, sannan aka ɗage galibin takunkumin a watan Oktoba na 2017. A tsawon waɗannan shekaru ashirin, shafukan intanet na manyan kamfanoni da dama a rufe suke ga mai shiga daga Sudan, saboda haka manhaja takan shigo ne a kwafaffen faifai daga ƙasashen Gulf ko Masar, ta yi ta yawo daga hannu zuwa hannu a kasuwar Suƙ al-Arabi da sauran wuraren gyaran kwamfuta, kuma wanda ya samu wadda take yi masa aiki ba ya ganin dalilin sauya ta.

Ƙin da sabuwar kwamfuta take yi wa tsohuwar manhaja ya samo asali ne daga ginin ƙwaƙwalwarta, wato ɗan guntun da yake gudanar da lissafi. Manhajojin zamanin DOS, kamar WordStar da WordPerfect 5.1 ta 1989, da kuma na zamanin Windows 3.1, kamar Word 2.0 da Word 6.0, an rubuta su ne domin ƙwaƙwalwa mai aiki da bit 16, kuma bit shi ne ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta, wadda ba ta wuce sifili ko ɗaya ba. Da aka koma bit 32, kamfanin Microsoft ya bar wata kafa a cikin Windows, mai suna NTVDM, wadda take karɓar tsofaffin manhajoji ta gudanar da su, shi ya sa Windows XP ta 2001 take iya ɗaukar yawancinsu. Amma idan ƙwaƙwalwa tana aiki a yanayin bit 64, ba ta da hanyar komawa yanayin da DOS take buƙata, kuma Windows mai bit 64 ba ta zo da waccan kafa ba sam. Windows 11, wadda ta fito a watan Oktoba na 2021, mai bit 64 ce kaɗai, ga shi kuma an daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, don haka duk wanda ya sayi sabuwar kwamfuta domin ya farfaɗo da shagonsa, ya sayi wadda ba ta san waɗannan manhajoji ba.

Wannan matsala ta kowa ce a duniya, amma mai rubutu da Larabci tasa ta fi tsanani. Kwamfuta lambobi take ajiyewa a madadin haruffa, kuma akwai jadawalin da yake faɗin wace lamba ce take wakiltar wane harafi. Kafin tsarin Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991 domin ya ba kowane harafi na kowane harshe lambarsa ta kansa, jadawali ɗaya galibi gurabe 256 kawai yake da su, rabin farko na haruffan Turanci da alamomi ne, rabi na biyu kuma kowane yanki na duniya ya cusa nasa haruffa a ciki. Larabci kaɗai ya samu jadawali da yawa waɗanda ba su jitu ba: akwai ASMO 708 na hukumar daidaita ma'auni ta ƙasashen Larabawa, akwai mai lamba 720 na DOS, akwai mai lamba 864 na IBM, wanda yake ajiye siffar harafi gwargwadon matsayinsa a farkon kalma ko ƙarshenta, akwai na kwamfutocin Apple, sannan akwai mai lamba 1256 na Windows. Idan aka buga kalmar assalamu da jadawalin Windows na Larabci, aka buɗe ta a kwamfutar da aka saita wa jadawalin Yammacin Turai, abin da zai fito shi ne ÇáÓáÇã, domin lamba 199 da take nufin alif a wancan, a wannan wani harafin Faransanci ce. Wannan ma da sauƙi, tun da kowa ya gani ya san akwai matsala. Wanda ya fi haɗari shi ne ruɗani tsakanin jadawalin Larabci guda biyu, domin ASMO 708 da na Windows sun yi daidai a haruffan farko na abajada, sannan suka raba hanya: lamba 225 lam ce a Windows amma fa ce a ASMO, lamba 227 mim ce a Windows amma kaf ce a ASMO. Sakamakon haka rubutu yakan fito da haruffan Larabci tsaf, wasu kalmomi daidai, wasu kuma a gurɓace, kuma sunan mutum a takardar bashi yana iya zama wani abu dabam.

Tarihin buga Larabci a kwamfuta ma ya bi hanyoyi dabam-dabam. Kamfanin Al-Alamiyya na Kuwait, na Muhammad al-Sharikh, ya yaɗa kwamfutocin Sakhr a shekarun 1980, kamfanin Diwan na London ya fitar da manhajar Al-Nashir al-Sahafi da gidajen jaridun Larabci suka yi ta amfani da ita a kwamfutocin Apple, WordPerfect 5.1 ta samu bugun Larabci, kuma Word ta Larabci ta zamanin Windows 3.1 tana dogara ne ga Windows ɗin Larabci ta zamaninta wajen jera rubutu daga dama zuwa hagu. Kowace ɗaya tana da yadda take ajiye fayil, kuma sai daga Word 97 ne Microsoft ya koma ajiye rubutu da Unicode. Ɗaliban Nijeriya da Nijar da suka rubuta kundin digiri a Jami'ar Afirka ta Duniya da ke Khartoum ko Jami'ar Musulunci ta Omdurman a waɗancan shekaru, abin ya shafe su kai tsaye, ko da yanzu suna zaune a Kano ko Maraɗi.

Hausa ma ba ta tsira ba. Haruffan nan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ba su da gurbi a tsofaffin jadawalai, don haka masana suka ƙera nau'o'in haruffa na musamman, kamar Rabi'at da Abdalla waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar, inda ake aron gurbin wata alama da ba a cika buƙata ba a zana harafi mai lanƙwasa a wurinta. Dabarar ta yi amfani ƙwarai a lokacinta, sai dai duk fayil ɗin da aka buga da ita yana buƙatar wannan nau'in haruffa a kwamfutar da za ta buɗe shi, in ba haka ba alamar asali ce za ta dawo a tsakiyar kalma. Haka abin yake ga ajami, wanda ɗigon imala da wasu haruffansa masu ɗigo uku ba su shiga Unicode ba sai daga 2005 zuwa gaba. Daga duk wannan ana iya fahimtar cewa tsohuwar takarda ta kwamfuta abubuwa huɗu ne a haɗe, wato fayil, da manhajar da ta rubuta shi, da jadawalin haruffa, da nau'in haruffan da aka zaɓa, kuma wanda ya tsira da fayil kaɗai ya tsira ne da kashi ɗaya.

Kwamfutar kwaikwayo hanya ce ta dawo da sauran kashi ukun. Manhaja ce da take ware wani ɓangare na ƙarfin kwamfuta ta gaske, ta shirya shi ya zama tamkar wata kwamfuta mai zaman kanta, da nata faifan ajiya da allo da madannai, alhali faifan nata fayil ne guda ɗaya babba da yake zaune a cikin na gaske. Masu wannan sana'a suna kiran kwamfutar gaske mai masauki, ta cikinta kuma baƙuwa, kuma kwatancin ya dace, domin baƙuwar tana da ɗakinta da take yin abin da ta saba a ciki, ba ta fita tsakar gida sai ta ƙofar da mai masauki ya buɗe mata. Dabarar ta girmi ƙananan kwamfutoci, domin kamfanin IBM ya fara ta a manyan injinansa a ƙarshen shekarun 1960, ya fitar da VM/370 a 1972, amma ba ta yaɗu a kwamfutar tebur ba sai da VMware ta fito a 1999, sannan Intel da AMD suka saka tallafinta a cikin ƙwaƙwalwarsu a 2005 da 2006. VirtualBox, wadda wani kamfanin Jamus mai suna Innotek ya fitar kyauta a 2007, kuma take hannun Oracle tun 2010, ita ce ta fi yaɗuwa a wurin masu ƙaramin ƙarfi.

Akwai bambanci tsakanin iri biyu da ya kamata mai gyara ya sani. VirtualBox da VMware suna barin baƙuwar ta yi amfani da ƙwaƙwalwar gaske kai tsaye, saboda haka suna da sauri, kuma sun fi dacewa da Windows XP. DOSBox, wadda aka fara a 2002 domin tsofaffin wasannin kwamfuta, da reshenta DOSBox-X, da 86Box, su kuwa kwaikwayon ita kanta tsohuwar ƙwaƙwalwar suke yi, umarni bayan umarni, abin da ya fi cin ƙarfi amma ya fi kama da asali, kuma manhajar rubutu ta 1990 ba ta da nauyin da za a ji jinkirin. Su ne suka fi dacewa da WordPerfect ta Larabci da Windows 3.1, kuma su ne mafita ga mai sabuwar kwamfutar Apple, wadda tun 2020 ta koma wata ƙwaƙwalwa dabam da ba ta jin yaren Intel. Fayilolin tsofaffin kwamfutocin Apple kuma suna da nasu manhajojin kwaikwayo, Basilisk II da SheepShaver.

Kafin a kai ga duk wannan, hankali ya ce a gwada hanya mai sauƙi. Manhajar LibreOffice, wadda kyauta ce, tana buɗe fayilolin WordPerfect da na tsohuwar Word da yawa, kuma sabuwar Word kanta takan toshe tsofaffin fayiloli ne saboda tsaro, ana iya ɗage toshiyar a cikin saitinta. Haka kuma akwai wani wuri a saitin yanki da harshe na Windows inda ake zaɓar harshen manhajojin da ba su san Unicode ba, kuma mayar da shi Larabci kawai yakan warware ruɗanin haruffa a manhajoji masu bit 32. Sai idan waɗannan sun gaza, ko rubutu ya fito amma jadawalin lissafi ya wargaje, layuka suka juya hagu, bayanan ƙasan shafi suka ɓace, sannan ake ɗaukar wahalar gina kwamfutar kwaikwayo.

Ginin kansa aikin yini ɗaya ne ga wanda ya saba. Ana fara duba saitin farko na injin, wanda ake shiga kafin Windows ta tashi, a tabbatar an kunna tallafin kwaikwayo, domin wasu kwamfutocin suna zuwa da shi a kashe. Sannan a ƙirƙiri baƙuwar, a yanka mata abin da ya dace da zamaninta: Windows XP tana walawa da megabait 512 na ma'ajiyar aiki, Windows 98 kuwa takan rikice idan aka ba ta fiye da haka, DOS kuma an gina ta ne a kan kilobait 640. Faifan baƙuwar XP ana saita shi a tsohon tsarin IDE, domin faifan girka ta bai san sabon tsarin SATA ba, kuma wanda ya manta da wannan zai ga an ce masa babu faifai a injin. Bayan an girka ta, sai a ƙara mata fayilolin harsunan da ake rubutawa daga dama, a zuba tsofaffin nau'o'in haruffa, a girka manhajar rubutun, a buɗe jaka guda ta tarayya wadda mai masauki da baƙuwa duk suke gani, ita ce ƙofar shigar fayil da fitarsa. Da zarar komai ya daidaita, ana ɗaukar hoton yanayin baƙuwar, wato ajiyar yadda take a wannan lokaci, domin in ta lalace gobe a dawo da ita cikin daƙiƙoƙi. A garin da wutar lantarki take zuwa da wuya, kuma injin yake iya mutuwa a tsakiyar aiki, wannan hoto da kwafin baƙuwar a filashi na biyu sun fi kowace dabara amfani.

Idan tsohon faifan ajiya ne aka tsinta, akwai hanyar da ta fi wannan. Ana cire shi a haɗa shi da sabuwar kwamfuta ta wayar da take mayar da IDE zuwa USB, a kwafe shi ɗungurungum zuwa fayil guda kafin a taɓa komai, domin faifan da ya sha ƙura da zafi na shekara biyu a rufaffen shago yana iya juyawa yau ya ƙi gobe. Wannan kwafi ana iya mayar da shi faifan baƙuwa, sai tsohuwar kwamfutar ta farfaɗo da manhajojinta da haruffanta da saitinta kamar yadda mai ita ya bar ta, ko da yake XP takan yi gardama idan ta ga kayan injin sun sauya, ta nemi a sake tabbatar da lasisinta. Inda dabarar take cijewa shi ne wasu manhajojin Larabci masu tsada da aka sayar tare da ɗan makullin ƙarfe da ake sokawa a bayan kwamfuta, waɗanda ba sa tashi sai sun ji shi, kuma sababbin injina ba su da ramin da ake soka shi.

Abu biyu ne suke buƙatar taka-tsantsan. Na farko, Microsoft ya daina toshe ɓarakar XP tun watan Afrilu na 2014, kuma harin WannaCry na watan Mayu na 2017 ya nuna abin da yake samun injin da ba a sabunta ba idan yana haɗe da wasu, don haka baƙuwa ba ta da abin yi a intanet, a cire mata hanyar sadarwa gaba ɗaya. Su kansu tsofaffin fayilolin Word suna iya ɗauke da ƙwayoyin cuta na zamaninsu, irin Concept ta 1995 da Melissa ta 1999, waɗanda suke ɓuya a cikin ƙananan umarnin da ake liƙa wa takarda, kuma a ƙasar da manhaja ta yi shekara ashirin tana yawo a kwafaffen faifai, zato mafi kyau shi ne suna nan. Na biyu, tsufan manhaja bai mayar da ita ta kowa ba, haƙƙin mallakarta yana nan, ko da yake FreeDOS, wadda Jim Hall ya fara a 1994, tana maye gurbin DOS kyauta ba tare da wata shubuha ba.

A ƙasashen Yamma akwai marubutan da suke riƙe da tsohuwar manhaja saboda ƙauna, kamar George R. R. Martin da ya shahara da rubuta littattafansa da WordStar 4.0, da Robert J. Sawyer na Kanada, wanda a 2024 ya tattara WordStar 7 tare da manhajar kwaikwayo ya saka ta inda kowa zai ɗauka. Wannan sha'awa ce ta wanda takardunsa suke cikin aminci, kuma kuskure ne mai shago a Omdurman ya kwaikwaye ta ya ci gaba da buga sababbin takardu a cikin baƙuwa don kawai yatsunsa sun saba, domin kowane sabon fayil da ya ajiye a tsohon tsari ƙarin kaya ne da wani zai sha wahalar kwancewa nan gaba. Amfanin kwamfutar kwaikwayo a wurinsa shi ne fitar da abin da ya maƙale, kuma kowace takarda fita biyu take buƙata: ɗaya a tsarin PDF, wanda yake riƙe kamannin shafi yadda yake, ɗaya kuma rubutu na Unicode da za a iya bincikawa a gyara, tare da ajiye fayil ɗin asali ba tare da an taɓa shi ba. Rubutun Hausa da aka buga da haruffan aro kuwa sai an bi shi da umarnin nema da musanyawa, a mayar da kowace alama harafinta na gaske, sannan mutum ya karanta da idonsa.

Akwai wani tarko da ya shafi takardun ciniki musamman. Masu buga rubutu da yawa sukan saka kwanan wata ta hanyar umarnin da yake ɗauko shi daga agogon kwamfuta, kuma irin wannan kwanan wata yana sabunta kansa idan aka buɗe takardar ko aka buga ta, ta yadda yarjejeniyar hayar da aka rubuta a 1998 za ta fito ɗauke da ranar yau. Ranar asali takan saura a cikin bayanan fayil, inda ake rubuta lokacin ƙirƙirarsa da lokacin ajiyarsa na ƙarshe, amma danna maɓallin ajiyewa sau ɗaya ya isa ya shafe na biyun, shi ya sa ake aiki a kan kwafi kaɗai, a kuma rubuta waɗannan ranaku a gefe kafin a buɗe. Ko bayan an yi duk wannan, takardar da aka sake bugawa ba ta ɗauke da sa hannu ko hatimi ko sunayen shaidu da alƙalaminsu, saboda haka abin da take bayarwa shi ne lafazin yarjejeniya da adadin kuɗi da sunayen waɗanda suka halarta, waɗanda da su ne mai haƙƙi zai nemi shaidun da suke raye, ko ya nemi kwafin da ya saura a ofishin lauyan da ya tabbatar da ita.